Sa'o'in da Ke Salwanta Kafin Ƙofar Shika

A zaman makoki a Zariya akwai wata magana da kunne ya saba da ita har ta daina ba mutane mamaki. Mai gaisuwa ya tambaya ko marigayin ya yi jinya, ɗan'uwa ya amsa cewa lafiyarsa ƙalau, da shi aka yi sallar isha'i a masallacin unguwa, ƙirji ne kawai ya dame shi cikin dare, aka ɗauka olsarsa ce ta tashi, kafin a kai shi Shika rai ya yi halinsa. Sai a yi masa addu'a, a shafa, wani ya tashi wani ya zauna. Babu mai jayayya cewa kowane rai yana da wa'adinsa. Amma addinin da ya koyar da haka shi ne kuma ya yi umarni da neman magani, kuma a cikin wannan gajeren labari akwai sa'o'i shida, ko takwas, ko goma, waɗanda mutumin yake raye a cikinsu, yana magana, yana dafe da ƙirjinsa, ba tare da wani ya gane abin da ke faruwa a jikinsa ba.

Harshen Hausa kansa bai sauƙaƙa lamarin ba. Kalmar zuciya tana ɗauke da kaya masu yawa: wanda ya fusata ya yi zuciya, mai jin amai yana tashin zuciya, wanda baƙin ciki ya dama an sa masa ciwon zuciya. Kafafen yaɗa labarai sun zaɓi "bugun zuciya" don su kira cutar da ke kashe mutum farat ɗaya, alhali kowace zuciya mai rai bugawa take yi, kuma mai fama da faɗuwar gaba shi ma da wannan kalmar yake kai kukansa ga likita. Abin da ake nufi a nan takamaimai ne: toshewar ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya jini, toshewar da ke sa wani yanki na tsokar ya fara mutuwa tun mai ita yana tsaye da ƙafafunsa. Cuta ce wadda maganinta ke da ƙarfi ƙwarai a sa'ar farko, ya ragu a ta uku, amfaninsa ya kusa ƙarewa bayan ta goma sha biyu. Saboda haka tambayar da ta fi shafar mazaunin Sabon Gari ko Samaru ita ce inda za a fara gane cutar, a ƙofar asibitin koyarwa ko kuwa tun kafin a kama hanya.

Zuciyar da Zariya ta sani

Zariya tana da suna a tarihin nazarin cututtukan zuciya a Afirka. A shekarun 1970, Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Neil Davidson, suna aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, sun yi cikakken bayanin gazawar zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, wadda aka ƙiyasta tana samun kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a yankin. Sun danganta ta da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya sake auna ƙarfin wannan alaƙa, amma sunan Zariya ya riga ya shiga littattafan likitanci na duniya. Cututtukan zuciyar da likitocin wancan zamani suka saba gani su ne irin wannan, da wadda hawan jini ke haifarwa, da lalacewar ƙofofin zuciya sakamakon ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi maganinsa ba. Toshewar jijiyar zuciya kuwa ana ɗaukarta cutar Turawa, wadda da wuya a gan ta a jikin ɗan Najeriya.

Wannan fahimta ta dace da zamaninta, amma zamanin ya wuce. Asibitin koyarwa ya tare a mazauninsa na dindindin a Shika a 2005, kuma mutanen da yake yi wa hidima sun canza. Malamin jami'a da ma'aikacin banki da mai shago a kasuwa wuni suke yi a zaune, babur da mota sun maye gurbin tafiyar ƙasa, lemon kwalba da soye-soye sun shiga cimar yau da kullum, hawan jini da ciwon suga sun zama abin da ba a rasa shi a kusan kowane gida. Tsakanin 2013 da 2018, wata rajista ta ƙasa mai suna RACE-Nigeria, wadda Farfesa Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya jagoranta, ta tattara bayanan 'yan Najeriya 1,072 da aka kwantar saboda toshewar jijiyar zuciya ko barazanarta. Matsakaicin shekarunsu 59 ne, kashi biyu cikin uku maza ne, mafi yawansu mazauna birane masu hawan jini, kuma kusan rabinsu sun zo da nau'in da ya fi tsanani, wanda jijiya ke rufewa ruf. Kaɗan ne daga cikinsu motar ɗaukar marasa lafiya ta kawo, da yawa kuma sun iso a makare. Waɗannan ma su ne suka samu isa manyan asibitoci. Wanda ya cika a gida ko a kan hanya ba ya shiga kowace rajista.

Agogon da ke cikin ƙirji

Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, kuma duk da cewa jini ne cike a cikinta, kaurin tsokarta ba ya ƙoshi da wannan jinin kai tsaye. Tana da jijiyoyinta na musamman guda biyu da ke fitowa daga tushen babbar jijiyar jiki, ta hagun ta rabu gida biyu, su zama manyan rassa uku da ke kwance a jikin zuciya ta waje, kowane reshe bai wuce kaurin tsinken tsire ba sosai. Shekara da shekaru, hawan jini da suga da hayaƙin taba da yawan kitse a jini suna sa wani maiƙo ya taru a cikin bangon jijiyar, wata siririyar fata ta lulluɓe shi. Ranar da fatar ta tsage, jiki yakan ɗauka rauni aka ji, ya tura ƙwayoyin da ke daskarar da jini, cikin 'yan mintuna gudan jini ya toshe hanyar.

A 1977, wasu masu bincike biyu a Amurka, Keith Reimer da Robert Jennings, sun nuna abin da ke biyo baya ta hanyar gwaji a kan karnuka. Bayan kimanin minti 20 da yankewar jini, tsokar da ke can ciki takan fara mutuwa, mutuwar ta riƙa ci tana fitowa waje kamar wutar daji, har cikin sa'o'i uku zuwa shida ta cinye mafi yawan yankin da jijiyar ke shayarwa. Tsokar zuciya idan ta mutu ba ta sake tofowa, tabo ne ke zama a gurbinta. Wanda ya tsira da babban tabo shi ne ake gani bayan wata shida da kumburin ƙafa da haki, ba ya iya kwanciya sai ya jera matasai. Akwai kuma haɗari na biyu, wanda ya fi yawa a sa'ar farko: lantarkin da ke tsara bugun zuciya yakan rikice, zuciyar ta koma karkarwa maimakon harba jini, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Abin da ke dawo da ita shi ne girgizar lantarki daga wata na'ura ta musamman cikin 'yan mintuna, ana danna ƙirji kafin na'urar ta iso.

Hanyoyin buɗe jijiyar biyu ne. Ta farko ita ce a tura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuwa wurin toshewar, a buɗe shi da ɗan balan-balan, a bar wata ƙaramar raga ta ƙarfe ta riƙe bangon. Wannan ta fi inganci idan za a iya yin ta cikin minti 120 da gano cutar, sai dai cibiyoyin da ke yin ta a Najeriya kaɗan ne, mafi yawansu a Legas da Abuja, ga kuma tsada. Ta biyu ita ce allurar narkar da gudan jini, irin su streptokinase da tenecteplase, wadda kowane asibiti mai ɗakin gaggawa da likita zai iya bayarwa. Wani babban gwaji mai suna ISIS-2, da aka wallafa a 1988 a kan marasa lafiya 17,187, ya nuna cewa asfirin kaɗai yana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 23 cikin 100, idan kuma aka haɗa shi da streptokinase ragin ya kai kimanin kashi 42. A 1996 wasu masu bincike a Holan suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje da dama bisa lokacin da aka yi allurar, suka ga cewa a cikin kowane mutum 1,000 da aka yi wa ita a sa'ar farko ana ceto kimanin 65. Ga waɗanda aka yi wa tsakanin sa'a ta bakwai da ta goma sha biyu, adadin bai wuce kimanin 20 ba. Allura ɗaya ce, farashi ɗaya, lokaci ne kawai ya bambanta.

Inda sa'o'in ke tafiya

A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai shekara 55 a Sabon Gari, mai hawan jinin da yake shan maganinsa ranar da ya tuna. Da ƙarfe tara na dare, bayan ya ci tuwo, sai ya ji nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora masa buhun masara, zufa mai sanyi ta keto masa, zuciyarsa tana tashi. Uwargida ta ce, "Alhaji, ko olsar ce ta motsa?" Aka aiki babban ɗansa kemis, mai kemis ya ba shi farin ruwan magani da 'yan ƙwayoyi, ya ce, "Ka ce wa Baba ya sha wannan, ya rage yaji." Ƙarfe goma sha ɗaya ciwon bai lafa ba, amma dare ya yi, masu Keke Napep sun tashi, kuma ba kowa ke son buga ƙofar maƙwabci mai mota a irin wannan lokaci ba, sai aka ce a bari gari ya waye. Da safe aka kai shi wani ƙaramin asibiti na kusa, aka auna jininsa, aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, aka ɗaura ƙarin ruwa. Sai da rana ta take, numfashi ya fara yin sama-sama, sannan aka rubuta takardar tura shi Shika.

Daga PZ a bi ta Kwangila, a wuce Palladan da Samaru, a isa ƙofar asibitin koyarwa, tafiya ce da ba ta kai sa'a ɗaya ba idan hanya ta yi kyau. Amma mutumin ya iso bayan sa'o'i 15 ko fiye da fara ciwon, lokacin da allurar ta riga ta rasa mafi yawan amfaninta. Babu wanda ya yi mugunta a cikin wannan jerin, kowa abin da ya sani ya yi. Abin lura shi ne rabon da hanya ta ɗauka a cikin jinkirin ɗan kaɗan ne. Mafi yawan sa'o'in sun tafi ne a ɗaki, da kemis, da gadon ƙaramin asibiti, a wuraren da cutar ke ɗauke da sunan da ba nata ba.

Kuskuren kiran ta olsa yana da dalili a halittar jiki. Idan jijiyar da ke shayar da ƙasan zuciya ce ta toshe, sau da yawa ciwon yakan sauko saman ciki, daidai ƙarshen ƙashin ƙirji, ya zo da tashin zuciya da amai da gyatsa. Masu ciwon suga da tsofaffi da mata kan zo ma ba tare da ciwon ƙirji mai tsanani ba, sai kasala ta farat ɗaya, ko haki, ko zufa. Alamomin da ya kamata su tayar da hankali su ne nauyi ko matsi maimakon zafin ƙwannafi, ciwon da ke yaɗuwa zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, zufa mai sanyi ba tare da zazzaɓi ba, da ciwon da ya wuce minti 15 bai sauka ba. Duk da haka ko ƙwararren likita ba ya iya raba gardama da tambaya kaɗai. Sai ya ga zanen lantarkin zuciya, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ECG.

Zanen da ke iya tafiya shi kaɗai

Kowane bugun zuciya yana farawa da ɗan ƙaramin lantarki da ke ratsa tsokarta, kuma ana iya jin inuwar wannan lantarki a kan fata. Ana manna wayoyi goma a jiki, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji, na'urar ta zana layuka 12, kowanne yana kallon zuciya ta kusurwa dabam. Idan jijiya ta rufe ruf, ɗan layin da ke tsakanin alamomin da ake kira S da T, wanda ya kamata ya kwanta a miƙe, sai ya ɗaga sama a kusurwoyin da ke fuskantar yankin da ke mutuwa. Wani likita a Amurka, Harold Pardee, ya bayyana wannan alama tun 1920. Gwajin ba ya ɗaukar minti biyar, ba a huda fata, kuma ƙa'idar likitocin zuciya ta duniya ita ce a yi shi a karanta shi cikin minti goma da haɗuwar mai ciwon ƙirji da ma'aikacin lafiya na farko, ko wane ne shi, ko a ina yake.

Tarihin na'urar yana da wani darasi da ya shafi Zariya kai tsaye. Willem Einthoven, wanda ya ƙera ta a birnin Leiden na ƙasar Holan a farkon ƙarni na 20 kuma ya samu kyautar Nobel saboda ita a 1924, na'urarsa ta kai kimanin kilo 270, marar lafiya kuma sai ya tsoma hannuwansa da ƙafa a bokitan ruwan gishiri. Da yake ba ta ɗaukuwa zuwa asibiti, a 1905 sai ya haɗa asibitin da ɗakin bincikensa ta igiyar tarho mai tsawon kimanin kilomita ɗaya da rabi. Marar lafiya yana asibiti, zanen zuciyarsa yana fitowa a wani gini. Ke nan tun na'urar tana jaririya aka tabbatar cewa ba dole ne mai ciwo da mai karanta zanen su kasance wuri ɗaya ba.

Sauran ci gaban duk ƙoƙari ne na kai asibiti inda mai ciwo yake. A birnin Belfast na Ailan ta Arewa, Farfesa Frank Pantridge ya lura cewa mafi yawan masu mutuwa da wannan cuta suna cikawa kafin su ga likita. A 1966 ya fara tura mota ɗauke da likita da nas da na'urar girgiza zuciya mai nauyin kilo 70, wadda batirin mota ke ba wuta, zuwa gidajen mutane. A yankin Grampian na karkarar Sikotilan, inda ƙauyuka ke da nisa da babban asibiti, an wallafa wani gwaji a 1992 a kan marasa lafiya 311: likitocin ƙauye suka riƙa yin allurar narkar da gudan jini a gida, aka rage jinkiri da fiye da sa'o'i biyu, bayan shekara ɗaya kuma mace-macen waɗanda aka yi wa allurar a gida sun kasance kusan rabin na waɗanda suka jira sai a asibiti.

Misalin da ya fi kusa da halin Arewacin Najeriya shi ne na jihar Tamil Nadu a Indiya. A can an haɗa ƙananan asibitoci 35 da manyan asibitocin zuciya huɗu. Ƙaramin asibiti yana ɗaukar zanen, ya aika ta waya, likitan zuciya ya karanta ya amsa nan take, sannan a yanke hukunci: na kusa a wuce da shi kai tsaye don buɗe jijiya, na nesa a yi masa allura a inda yake kafin a tura shi. Inshorar lafiya ta jihar ta taimaka wa talakawa wajen biyan kuɗin. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna ƙaruwar waɗanda aka buɗe wa jijiya da raguwar mace-mace cikin shekara guda.

Titin Sakkwato

Zariya tana da wata sa'a ta shimfiɗar gari: titi ɗaya ne ya ratsa Kwangila da Palladan da Samaru har zuwa Shika, kuma a gefensa da kewayensa akwai cibiyoyin lafiya matakin farko, da asibitoci masu zaman kansu, da asibitin jami'a a Samaru. Ta ɓangaren birni ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, a waje kuma ga asibitocin ƙananan hukumomi irin su Giwa da Maƙarfi. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma ta daɗe da ɗaukar manufar samar da cibiyar lafiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. Tsari irin na Tamil Nadu a wannan yanki yana buƙatar abu uku: na'urar zanen zuciya mai batir, wadda a yau girmanta bai wuce na littafi ba, nas ko ma'aikacin lafiya na al'umma da aka koya wa manna wayoyin daidai, wanda horo ne na 'yan kwanaki, da lambar waya ɗaya wadda likitan da ya iya karanta zanen zai amsa dare da rana. Hoton takardar da aka ɗauka da wayar hannu aka tura ta WhatsApp yakan isa a karanta, muddin an ɓoye sunan marar lafiya. Idan amsa ta dawo cewa jijiya ce ta rufe, sai a ba shi asfirin ya tauna, a sa masa allurar ruwa a hannu, ɗakin gaggawa ya shirya gado da magani tun motar tana Palladan.

Na ukun nan shi ne ginshiƙi, domin zanen zuciyar ɗan Afirka yana da tarkuna. Hawan jini na shekaru yakan kauraro bangon zuciya, kaurin kuma ya ɗaga wancan layi ko babu toshewa. Samari baƙar fata masu ƙoshin lafiya da yawa suna da ɗagowar layin a matsayin halittarsu. Kumburin jakar da ke lulluɓe da zuciya, wanda tarin fuka ke yawan haddasawa a Afirka, shi ma yana ɗaga shi. Tsagewar babbar jijiyar jiki tana zuwa da ciwon ƙirji mai tsanani, kuma yi wa mai ita allurar narkar da jini na iya zama ajalinsa. Ko ga wanda ya dace da allurar, tana jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa ga kusan mutum ɗaya cikin ɗari, shi ya sa ba a yi wa wanda ya taɓa samun irin wannan zubar jini, ko aka yi wa tiyata kwanan nan, ko jininsa ya hau ƙwarai har sai an saukar da shi. Hukuncin da na'ura ke bugawa da kanta a saman takarda yana kuskure a irin waɗannan wurare. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: na'ura ba tare da gogaggen mai karatu a ɗaya ɓangaren wayar ba tana iya jawo ɓarna.

Haka kuma zane mai kyau ba ya wanke mai ciwo. Akwai nau'in cutar da jijiya ba ta rufe gaba ɗaya, layin ba ya ɗagawa, sai gwajin jini na wani sinadari mai suna troponin, wanda ke fita daga tsokar da ta ji rauni, ya tona shi, kuma sinadarin yakan ɗauki 'yan sa'o'i kafin ya bayyana. Saboda haka idan ciwo ya ci gaba ana maimaita zanen bayan minti 15 zuwa 30, kuma ba a sallamar mutum gida saboda takarda ɗaya.

Mai kemis ma yana da gurbi a wannan tsari, domin shi ne ƙofar farko ga mafi yawan mutane. Ba a neman ya karanta zane. Abin da ake nema shi ne idan aka zo sayen maganin olsa wa mutumin da ya haura shekara 40, ya tambaya ko ciwon nauyi ne, ko akwai zufa, ko yana da hawan jini ko suga, kuma ya san wurin da ke kusa mai na'urar da zai tura su nan take.

Saura batun kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya matakin farko don jinyar gaggawa. A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin motocin agajin gaggawa na ƙasa, NEMSAS, wanda aka fara daga Abuja ake faɗaɗa shi zuwa jihohi, ga kuma lambar kiran gaggawa ta 112. Waɗannan tubali ne masu kyau. Sai dai a asibitocin Najeriya da yawa dangi ne ke fita sayo magani kafin a yi aiki, kuma allurar da ake nema a kantunan gari da ƙarfe biyun dare ta riga ta ci sa'o'in da zanen ya ceto. Dole ta kasance a ajiye a ɗakin gaggawa, a yi ta tukuna, lissafi ya biyo baya.

Abin da ke hannun gida

Kafin hukuma ta gina nata, akwai rabon da ke hannun kowane magidanci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya haura shekara 40, musamman mai hawan jini ko suga ko mai shan taba, yana da kyau ya yi zanen zuciya tun yana lafiya, ya ajiye hotonsa a waya, domin likita ya samu abin gwadawa ranar da buƙata ta taso. Ya kamata gida ya san tun yanzu wane asibiti ne a kusa yake da na'urar kuma yake buɗe da dare, da kuma maƙwabcin da za a buga wa ƙofa, a gaya masa tun da rana tsaka don kada kunya ta hana. Idan nauyin ƙirji ya wuce minti 15, ba a jiran asuba, kuma mai ciwon ba ya tuƙa kansa. Yana iya tauna asfirin mai nauyin miligiram 300, sai fa idan jikinsa ba ya karɓar asfirin, ko yana aman jini, ko bahayarsa ta yi baƙi. A asibitin farko da aka shiga, dangi suna da haƙƙin su nemi a yi zanen zuciya kafin komai, idan babu na'urar kuma su wuce gaba ba tare da jiran ƙarin ruwa ya ƙare ba. Wani daga cikin masu rakiya ya duba agogo ya riƙe lokacin da ciwon ya fara, domin ita ce tambayar farko da likita zai yi a Shika, kuma a kan amsarta zai yanke hukuncin maganin da zai bayar.